Aji-ajin Masu Riƙe Kuɗin Aiki

Mai shinkafa in an ci bashinsa, yana iya zuwa ya ɗauke ragowar buhun. Tela fa? Mai hoto, mai buga fosta, mai girkin biki, mai fenti? Su gumi suke sayarwa, gumi kuwa ba a ƙwato shi. An sa kaftanin, an cinye wainar, bango ya bushe, sai bin sawu. Duk wanda ya zauna a rumfar masu sana'a a Kano, daga Fagge zuwa Sabon Gari, ya san masu riƙe kuɗin aiki ba su taru sun zama ɗaya ba.

Na farko shi ne Alhaji Nawa-ne-kuɗin. Wannan ba ya musun bashi, raina shi yake yi. "Haba ɗan nan, a kan dubu tamanin ka taso tun daga Kurna? Ka ga yarona." Yaron ya ce bai samu umarni ba. Ka koma, mai gadi ya ce Alhaji ya tafi Umara. Kuɗin sun yi masa ƙanƙanta har ya kasa biyansu, alhali a gabanka ya liƙa wa maroƙi ninkinsu.

Sai Malam Na-tura. Kakansa shi ne mai ba da cek ɗin da babu kuɗi a asusunsa, wanda dokar 1977 ta tanadar wa ɗaurin shekara biyu. Jikan ya waye, ya koma waya. "Wallahi na tura, ba ka ga alat ba? To, matsalar sabis ce." Har hoton rasit zai turo maka, sunanka daidai, lambar asusunka daidai, kuɗin ne kawai suka ɓata a hanya. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da bankuna suka riƙa riƙe kuɗin jama'a da gaske, shi ne kakarsa ta yanke saƙa. An daɗe da wuce wannan zamani, amma wayarsa tana can har yau.

Na uku Honorabul ne, abokin masu buga fosta da hula da riga. Kafin zaɓe: "Ku dai ku buga, in muka hau ai ku ne gwamnati." In ya ci, sai an rantsar da su ranar 29 ga Mayu; bayan rantsuwa, sun tarar da baitulmali wayam. In ya faɗi, ya fi samun sauƙi: "Muna kotu." Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama, an buga gangar wani zaɓen, ga shi a ƙofar shago da sabon hoto, ya sauya jam'iyya, yana tambayar ko tsohon farashi yana nan.

Akwai Gwaggo, wadda ta fi kowa wuyar sha'ani, domin makaminta zumunci. Ɗinkin ankon biki guda ta kawo, kala ashirin. Ranar da ka yi ƙarfin hali ka gaishe ta da maganar kuɗi, sai ta tafa hannu: "Ni za ka bi bashi? Ni da na goya ka?" Kafin la'asar labari ya kai wa mahaifiyarka, kafin magariba kai ne kake ba da haƙuri, har da goro.

Mai Gano-aibi kuwa ba ya ganin laifin aiki sai ranar biya. Ya sa kaftanin ya je idi, ya je hawan Daushe, ya ɗora hotuna a Facebook ana ta yabo. Bayan sallah da mako biyu sai ya lura cewa wuyan ya karkace. Mai girki ta san irinsa: an sharɓe miya har an suɗe kwano, sannan a ce gishiri ya yi yawa, a rage rabi.

Na ofis ba shi da fuska. Ka kai takardar neman biya, an buga mata hatimi, ta zama fayil. Fayil yana teburin oga, oga yana Abuja. Ya dawo ya sa hannu, akanta ya tafi hutu. Akanta ya dawo, shekarar kasafi ta ƙare. Kowa a ofishin yana tausaya maka, har masinja, wanda shi ma yake jiran na goro kafin ya ɗaga fayil ɗin daga wannan tebur zuwa wancan.

Kada a manta da Ustaz Duniya-ce. Da ka buɗe baki zai tare ka da nasiha: "Ɗan'uwa, abin duniya nawa yake? Duk nan za mu bar shi." Ya haddace falalar yi wa mabuƙaci jinkiri, amma karatunsa bai kai aya ta 282 a Suratul Baƙara ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda kuma kan rubuta bashi ta sauka.

Gwaninsu duka shi ne Mai Ɗan-taɓawa. Kana binsa dubu hamsin, ya kawo biyar da fara'a, tare da sabon aiki na dubu saba'in. Kai kana murna ya fara biya, shi yana murna ya ƙara jari.

Dukansu da abu ɗaya suke ciniki: kunyar mai sana'a. Sun san za ka ji nauyin cewa a rubuta, ka ji nauyin tuni. Sun kuma san ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki. Abin da ba sa so ka sani shi ne tun 2019 Kano take da kotunan ƙananan basussuka, inda ba sai da lauya ba, aka kuma tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Sai dai alƙali takarda yake karantawa, ba "wallahi ya ce zai ba ni" ba.

Don haka ka rubuta, ya sa hannu, ka karɓi kafin alƙalami tun almakashi bai taɓa yadi ba. Mai niyyar biya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fusata ya ce ka raina shi, ya naɗe yadinsa ya fice, raka shi har bakin titi, ka nuna masa shagon da ke gaba.