Yadda Ake Tsufar da Kwantena a Apapa

Duk ɗan kasuwar da ke son kwantenarsa ta daɗe a tashar Apapa ko Tin Can har ta saba da iskar teku, kada ya zaci sai ya sha wahala. Tun kayan suna ƙasar Sin ake gama aikin, kuma sirrinsa ɗaya ne: a raina takarda. Doka ta ce a buɗe Fom M a banki kafin a yi lodi, to kai ka bari sai jirgi ya iso Legas sannan ka tuna. Da yake sai da wannan fom kwastam ke fitar da PAAR, takardar kimanta kaya da ake aiki da ita tun 2013, ka riga ka sama wa kwantenarka masauki. In kayan lantarki ne, ka manta da shaidar SONCAP. In na ci ne ko magani, ka ce ina ruwan NAFDAC, ai ka san mai kamfanin ido da ido.

Sai batun kuɗin fito. Harajin bai ɗaya na ECOWAS hawa biyar ne, daga sifiri zuwa kashi 35 cikin ɗari, ana lissafa shi a kan kuɗin kaya da na jirgi da inshora, sannan a ɗora VAT na kashi 7.5. Mai wayo sai ya sa a rubuta shadda a matsayin kayan gyaran inji, ya zaftare rabin kuɗin rasit. Kwamfuta ta jefa kayan jan layi, a fasa kwantena a baje komai a ƙasa, jami'i ya ɗaga bandir ɗin shadda yana jujjuyawa, yana neman inda ake ɗaura shi a jikin inji. Daga nan sai takardar cikon haraji, da tara a kai. Duk tsawon wannan lokaci kamfanin jirgi na ƙirga kwanakin kwantenarsa, masu filin tasha na ƙirga nasu daban, ka zama mai mata biyu, kowace da cefanenta.

Wani zai ce ai ba sai ɗan kasuwa ya sa hannu ba, tashar kanta gwana ce wajen jinkiri. Da gaskiyarsa. Netwok na ɗaukewa, farashin dalar da ake lissafin haraji da shi na sauyawa kaya suna tsakiyar ruwa, cunkoson tireloli kuwa sai da ya sa hukumar NPA ta ɓullo da manhajar Eto a 2021. Sai dai wannan jinkirin ba abin dogaro ba ne, domin yana ƙarewa. Mai cikakkun takardu na iya wayar gari ya ji kayansa sun wuce Ibadan, buri ya tashi a banza. Masu cewa tashoshin tudu na Kaduna da Dala, da aka buɗe a 2018 da 2023, za su ɓata shirin, su kwantar da hankalinsu: takardar da ba ta cika a Legas ba, ba za ta cika a Dala ba.

Dillali kuwa ka ɗauki mafi araha, wanda kuka haɗu a bakin get, kada ka ci masa fuska da tambayar lasisi. Ka damƙa masa kuɗin a hannu. In Allah ya dafa, wa'adi zai cika, kwastam ta sa kayan a gwanjo, kuma da yake yanzu ta intanet ake yi, daga Kantin Kwari ma kana iya taya shaddarka.