Teku a Falo

A Madakiya ruwa ba abin nema ba ne. Ga ruwan Matsirga nan yana kwarara kyauta, ba wanda ya taɓa goge masa duwatsu. Amma mutum ya bar wannan, ya ce sai ya ajiye teku a falonsa cikin akwatin gilashi, da murjani da kifaye masu launi, ai ya ɗauki Dala ba gammo.

Gishirin miya ba ya yi. Na musamman ake sayowa, a auna kusan giram 35 a kowace lita. Gansakuka kuwa ba ta san hutun Lahadi ba, kullum tana kan gilashi. Da maganaɗisu biyu ake goge ta, ɗaya ciki ɗaya waje, kuma in ƙwayar yashi ta maƙale a tsakani, gilashin ya samu tsagar gado ke nan. Yashin ƙasa da tiyo ake zuƙe dattinsa, sama-sama. Ka tona da zurfi, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, kifi ya sheƙa barzahu.

Masu wayo dodon koɗi suke zubawa ya lashe gilashin, lebura ba albashi. Sai dai a ɗauke wuta dare guda, famfo ya tsaya. Da safe kifin da aka sayar da citta aka sayo, ko romo ba zai yi wa mutum ɗaya ba.