Raɗin Suna a Dajin Kibale

A shekarar 2018, Dakta Alvin Helden na Jami'ar Anglia Ruskin ta Ingila ya kama wani ɗan ƙwaro mai tsalle, mashayin ruwan ganye, a dajin Kibale na Yuganda. Tsawonsa milimita 6.5 kacal, jikinsa sai ƙyalli yake. Ɗan'uwansa na kusa kuwa, rabon da a gan shi tun 1969, can Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Zumuncin zamani ke nan.

To yaya aka gane baƙo ne? Waɗannan ƙwari kamarsu ɗaya, sai an leƙa al'aurar namiji da madubin ƙara girma. Bawan Allah yana zaman zamansa aka yi masa wannan tonon silili, sannan sai 2022 aka raɗa masa suna Phlogis kibalensis, ba rago, ba goro.