Mai tsara buhu ya fi manomi

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bin magudanan Kadawa yana shayar da gonakin shinkafa na Kura da Bunkure. Manomi ya yi dashe cikin taɓo, ya wuni korar tsuntsu, mai inji ya cashe. Amma a ganina, wanda ke yanke wa shinkafar farashi shi ne yaron da ke gaban kwamfuta yana tsara buhu. Ya zaɓo haruffa masu ƙiba, ya shafa musu ruwan gwal, ya ɗora hoton giwa, a ƙasa ya jera lanƙwasasshen rubutu irin na Tailan, wanda shi kansa bai san abin da ya ce ba. Shi ke nan, shinkafar da ba ta taɓa wuce Kwanar Dangora ba ta zama 'yar waje.

Wani zai ce ai inganci ke sayar da kaya, ba ado ba. To, a zuba shinkafa iri ɗaya a buhu biyu, ɗaya fari fat, ɗaya mai giwa, a kai kasuwar Singa, a ga wanda Hajiya za ta fara tayawa. Wani kuma ya ce yaudara ce. Ban musa ba, sai dai da hannun mai saye a ciki. An rufe iyakoki a Agustan 2019 don mu ci tamu, muka ci kuwa, amma da sharaɗin kada buhun ya faɗa mana.