Motar Da Ke Magana Da Direba

Ranar Talata da daddare shayina ya huce a hannu, saboda ɗan yayata ya tare ni da waya yana cewa, "Kawu, tsakaninka da Allah, Toyota GR86 ko Mazda MX-5?" Yaron nan babur ɗin da yake hawa na aro ne, kuma tun azumin bara yake wannan shawarar. Kowace majalisa yanzu tana da irinsa: ba su da ko murfin taya, amma sun raba gari gida biyu, 'yan jan baya da sauran jahilai.

Sharuɗɗansa huɗu ne. Ta zama mai jan baya, mai giyar hannu, marar nauyi, sannan "tana magana da direba". Na ce me take ce masa? Wai sitiyarin ne zai riƙa gaya maka abin da taya take ji. A titin unguwarmu ni na san abin da taya take ji, ba sai an ɗauko mini tafinta daga Japan ba.

Ita Mazdar, tun 1989 ake ƙera ta, kuma zuwa 2016 an yi guda miliyan ɗaya. Kujera biyu gare ta. A nan, mutum ya sayi mota mai kujera biyu ai sanarwar yanke zumunci ya yi. Ranar ɗaurin aure ina liman zai zauna, ina mutum shidan da suka tsaya a ƙofar gida tun hantsi? Toyota 86 kuwa, yayar GR86 ɗin, da ta fito a 2012 da haɗin gwiwar Subaru, da gangan aka sa mata irin tayar Prius don bayanta ya riƙa zamewa a kwana. Ka biya miliyoyi a ba ka santsi, alhali mai facin bakin kasuwa yana da sudaddun tayoyi jibge, har ragi zai yi maka.

Sai na sake duba sharuɗɗan, na ga ashe abin da yaron ke nema yana wucewa ta gabanmu kowane minti. A-daidaita-sahu! Injinta a baya yake, tayoyin baya yake ja, tsarin Porsche 911 ke nan ba ragi. Giyar hannu ce ta haƙiƙa, don a hannun take. Mutum uku za su iya tayar da ita in ta faɗi, wanda kuwa tana yawan yi. Batun magana da direba, ba direban kaɗai ba, har fasinja tana yi wa magana ta ƙashin baya, kuma ba ta ɓoye ko tsakuwa ɗaya. Mai MX-5 sai ya sauke rufi kafin ya sha iska. Ita ko ƙofa ba ta da ita. Ƙarfin injinta bai wuce na doki 10 ba, amma ka ga matuƙinta ya sha kwana a shataletalen Ɗangi da taya ɗaya a sama, mata huɗu a baya suna salati, buhun gawayi a gefensa, ka faɗa mini wace Porsche ce ta taɓa sa fasinja tuba nan take. Ga shi kuma da yamma ita ke kawo kuɗin cefane.

Inda raha take ƙarewa shi ne ranar da irin waɗannan yaran suka sami makulli. An ɗauko tsohuwar BMW ko Marsandin Alhaji, an tare titi ranar kai amarya, ana juyi ana ƙona taya, yara ƙanana sun yi da'ira suna ihu, tsakaninsu da bamba taku biyu. In ta ƙwace ta kwashi ɗan mutane, sai a ce tsautsayi, a tura dattawa ba da haƙuri. Wane tsautsayi? Keiichi Tsuchiya da suke kira sarkin wannan wasa, shi kansa an taɓa dakatar da lasisinsa na tsere saboda yi a kan hanyar jama'a, kuma a Japan filaye ake warewa, irin Ebisu. Titin da tsohuwa ke tsallakawa da ƙullin niƙa ba gadon ubanka ba ne.

Abin da ma ya fi ba ni haushi, ba wanda ke ambaton Fijo 504. Mai jan baya ce, giyar hannu, an haɗa ta a Kaduna, ta kuma lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Direbobin Kano zuwa Jos sun yi shekaru suna hawa da gangara da ita, fasinja maƙil, buhunan dankali sun danne but, ba wanda ya taɓa cewa tana yi masa magana. In ta yi tari a zuba ruwa a lagireto, in ta yi gardama fasinja su sauka su tura, bakaniken kowane ƙauye ya san cikinta da sufana biyu da guntun waya. Kujerarta kuwa, har yau ban zauna a wadda ta kai ta laushi ba.

Duk mai 504 ajiye a bayan gida, kaji na ƙwai a ciki, don Allah kada ya sayar wa 'yan gwangwan sai ya neme ni.