Yadda Ake Tsara Kicin Fayau, Na Ganin Ido

Amarya, in kina son kicin irin na yayi, wanda ido ba ya cin karo da ko cokali, fara da sanin kakarsa. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata a Farankfot ta Jamus kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon 3.4. Daga kicin ɗin jirgin ƙasa ta ɗauko dabarar, aka ƙera kusan 10,000. Daga baya ta amsa da bakinta cewa lokacin ba ta taɓa girki ba. To kin ji mafari.

Ki zaɓi fari ƙal, bango da kabad duka. Manja zai yi miki ado kyauta ranar da kika fara soya albasa. Ƙofofin kabad kada a sa musu mariƙi, dannawa ake yi su buɗe, don duk wanda ya shigo ya bar shaidar yatsunsa.

Murhu kuwa sai na lantarki mai fuskar gilashi, wanda ke aiki da maganaɗisu. Ba ya shiri da tukunyar dalma, balle ya jure tuƙin tuwo da muciya. In an ɗauke wuta ma ya fi kyau, sai ya zama madubi.

Sai babban aiki, rage kaya. Marie Kondo ta Japan, wadda littafinta ya fito a 2011, ta koyar cewa ki riƙe kowane abu a hannu. In bai faranta miki rai ba, ki yi masa godiya ki sallame shi. Bismillah, gwada da kulolin nan goma sha biyu da Gwaggo ta zuba adashen shekara biyu ta saya miki. Ranar da ta zo ganin jere ta tarar da kanta wayam, ba samira ba tangaran, sai ki yi mata bayanin Japan. Ni dai ba na nan.

Mafita ita ce sito. Ki tura turmi da taɓarya, buhun shinkafa da daddawa can, ki ja ƙofa. Bayan gida kuma a kafa duwatsu uku ƙarƙashin rumfa, nan abinci zai dahu. In baƙi sun zo, ki wanke hannu, ki shigo da su kicin, ki ajiye lemo guda uku a faranti. Ki gargaɗi yara kada wanda ya taɓa.