Ram Ya Shiga, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Mu dai a unguwar nan, duk wanda kwamfutarsa ta fara nauyi, magani ɗaya muka sani: a ƙara mata ram. Ɗalibin da ke haɗa furojet ɗinsa na fita, mai shagon buga takardu na bakin titi, yaron da ke koyon tace bidiyon biki, duk bakinsu ɗaya. Kuma galibi suna da gaskiya, don kwamfutar da ke fama da giga 4, in aka kai ta 8 sai ka ga ta saki jiki. Wajen sayen ne muke yin tuntuɓe. Mutum zai bar kwamfutar a gida, ya kama hanyar kasuwar Beirut Road ko Farm Centre hannu na dukan cinya, ya tsaya gaban gilashin mai kaya ya ce, "Malam, giga takwas nawa ne?" Iyakar tambayar ke nan. A yi ciniki, a naɗe masa a takarda, ya cusa a aljihu tare da makullai da canji.

Yana zuwa gida zai kwance murfin ƙasa, ya saka, ya danna maɓalli. Fanka ta ɗauka, fitilar wuta ta kama, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Kafin sallar isha'i labari ya iso majalisa, kowa da fatawarsa. Wani ya ce mataccen kaya aka sayar masa, wani ya ce bod ɗin ne ya ƙone, wani ya ɗora wa wutar da aka kawo da ƙarfi jiya. Har a sami mai cewa, "Tashi mu koma masa yanzu, ai wannan cuta ce." Abin da ke damuna a nan shi ne yadda muke saurin taɓa mutuncin ɗan kasuwa, alhali sau da yawa ram ɗin lafiyarsa ƙalau, madabod ɗin ma lafiya lau. Jininsu ne kawai bai haɗu ba.

Ram iri-iri ne, kowane da zamaninsa. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shigo kasuwa sosai a 2021. Na laftof gajere ne, na kwamfutar tebur dogo. DDR3 na laftof haƙoransa 204 ne, DDR4 kuma 260, kuma a jerin haƙoran akwai wata 'yar tsaga da masu ƙerawa suka sauya wa wuri daga zamani zuwa zamani, don kada wani ya shiga gurbin wani. In ka ga tsagar ba ta yi daidai da ɗan tudun da ke cikin gurbin ba, to magana ta ƙare. Amma mu ba ma son a ce abu ya gagare mu. Na sha ganin gurbin da aka karya wa ƙugiya saboda wani ya sa ƙarfin babban yatsa, daga neman ƙarin giga an koma neman kuɗin gyaran bod.

Wannan ma mai sauƙi ne, tunda ido na iya gani. Wanda ya fi wahalar da mu shi ne wanda zai shiga daram, ƙugiyoyi biyu su yi ƙas, amma na'urar ta ƙi tashi. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu kwance ne daga Turai da Amurka, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, kuma da yawansu daga shekarun da DDR3 ya kasu biyu suka fito. Akwai na asali mai shan wuta bolt 1.5, akwai DDR3L mai shan 1.35. Siffarsu ɗaya, haƙoransu ɗaya, tsagarsu wuri ɗaya. EliteBook 8470p za ta karɓi mai 1.5 ba gardama, amma EliteBook 840 G1 da ThinkPad T440, masu furosesa ta Intel zubi na huɗu, mai 1.35 suke so. Shi mai 1.35 ɗin yakan yi aiki a mafi yawan tsofaffin na'urori ma, shi ya sa masu kayan da suka san sana'arsu suka fi ajiye shi. In aka zo kan 840 G3 kuwa an riga an koma DDR4, duk da cewa a ido kusan kamarsu ɗaya da yayyenta.

Duk wannan a rubuce yake jikin ram ɗin, a kan 'yar farar sitikar nan da muke karanta "8GB" mu ɗauke kai. Ɗauko shi ka matsa kusa da haske. Bayan gigan za ka ga wani abu kamar 2Rx8 PC3L-12800S. PC3 na nufin DDR3, harafin L ɗin nan shi ne mai ƙaramar wuta, 12800 na nuna gudunsa 1600 ne, S na ƙarshe kuma na laftof ne. A dogon ram na tebur harafin ƙarshe U ne. In ka ga R, to na manyan na'urorin saba ne da kamfanoni ke sallamarwa, yana da arha, yana da giga mai yawa, yana shiga gurbin kwamfutar tebur tsaf, amma bod ɗin gida ba zai tashi da shi ba. Masu shagon intanet da yawa sun sayi irin wannan don arharsa, yana nan a durowa har yau.

Sai kuma tsofaffin na'urori, waɗanda muke tsammanin za su ɗauki duk abin da aka ɗora musu. Laftof mai Core i3 ko i5 zubin farko iyakarta giga 8, wato huɗu-huɗu a gurbi biyu. Ka saka mata takwas guda ɗaya, ba za ta san da shi ba. Wasu ma ko giga 4 ɗin sai mai ƙwayoyi goma sha shida, takwas gaba takwas baya, wanda aka rubuta wa 2Rx8, sabon mai ƙwayoyi kaɗan su ƙi shi. Akwai kuma mai zuwa da ƙorafin cewa ya sa takwas amma uku da 'yan kai yake gani. Wannan ba ruwan ram, Windows ɗinsa ne mai bit 32, wanda ba ya iya amfani da abin da ya haura giga 4. A sauya masa mai 64 shi ke nan.

Ina jin daɗin zama a shagon wani injiniya da ke layinmu, don shi ba ya gaggawa. In aka kawo masa wadda ta ƙi tashi, zai fara duba fitilar Caps Lock, domin a tsofaffin HP in tana ƙyaftawa sau uku-uku to ram take kuka da shi. Sai ya cire caja da batir, ya taɓa ƙarfen teburinsa don ya sauke wutar jiki, wadda ke yawa lokacin hunturu idan iska ta bushe. Ya zare ram ɗin yana riƙe da gefe-gefe, ya ɗauko kilinar goge fensir ta 'yan firamare ya murza haƙoran a hankali har ruwan gwal ɗinsu ya fito, ya hure gurbin. Ƙurar Kano ba ƙaramar ɓarna take yi a nan ba. Daga nan ya mayar da guda ɗaya tak, a karkace, ya danna ƙasa, ya kunna. In ta tashi ya sauya gurbi, in ta sake tashi ya gwada ɗayan. Mai kwamfuta na tsaye yana cewa, "Injiniya, ba bod ba ne kuwa?" shi kuma ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, bari mu ji ta bakinta tukuna." Wadda ke tashi amma tana yawan kawo shuɗin sikirin, ita yakan bar wa manhajar MemTest86 ta kwana tana gwaji. Da yawa daga cikin na'urorin da aka yanke wa hukuncin mutuwa a majalisa, a teburin nan suke farfaɗowa.

Muna kuma son haɗa tsoho da sabo, kada a yi asarar na da. Ba laifi, sau da yawa yana yi, sai dai mai gudun 1600 zai sauko ya bi takun mai 1333. A bod ɗin tebur mai gurbi huɗu, in ram biyu gare ka, littafin bod ɗin yakan ce a sa su a na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, mu kuwa sai mu jera su kusa da juna don ya fi kyan gani. 'Yan gem ɗinmu da suka fara haɗa na'ura mai DDR5 su ma su rage gajen haƙuri: kunnawar farko tana iya ɗaukar mintuna sikirin na baƙi, bod ɗin na daidaita kansa da ram ne, kashewa da kunnawa sai dai ya mayar da aikin baya.

Ni abin da nake roƙon 'yan'uwa, a riƙa ɗaukar kwamfutar a tafi da ita kasuwa. In ba hali, a ɗauki hoton sitikar tsohon ram ɗin da lambar samfurin da ke ƙasan na'urar, ko a buɗe manhajar CPU-Z a ga abin da ke ciki. A saka a gaban mai kaya, a kunna, a ga gigan ya cika kafin kuɗi su bar hannu, sannan a yi magana a fili cewa in ya ba da matsala cikin 'yan kwanaki za a sauya. Masu kaya na gari ba sa ƙin wannan, su ma hutu ne a gare su.

Iyaye masu saya wa 'ya'ya laftof na shiga jami'a kuma, ga wata sabuwa. Siraran nan marasa nauyi da yara ke nunawa da yatsa, irin su MacBook Air da wasu da yawa, ram ɗinsu a like yake da dalma jikin bod, babu gurbi ko ɗaya. Wadda aka saya da giga 4 haka za ta ƙare da giga 4. Kafin a biya, a sa mai shago ya buɗe murfin ƙasa a ga gurbin da ido.